Taliyar Ranar Laraba

Mako tara ke nan da tafiyar Malama, ranar da Auta ta tambayi ubanta ko an soke Laraba ne.

Yana durƙushe a bakin ƙofa yana ɗaura mata igiyar takalmi, rabin hankalinsa yana kan agogo, don ƙarfe bakwai ya kamata ya fito da bas daga gareji. Ya ce wace irin tambaya ce wannan, ai yau ɗin ma Laraba ce. Yarinyar ta girgiza kai. Ita dai a saninta Laraba ranar taliya da kifin gwangwani ce, mai farin romon nan mai kauri, kuma tun da Umma ta tafi ba ta ƙara ganinta a faranti ba. Kullum burodi da ƙwai, in an gaji a koma ƙwai da burodi.

"To, yau za ki ci," in ji shi, bai ko ɗaga kai ba.

Sai da maganar ta fita ya ji nauyinta. Babbar 'yarsa, wadda kowa a gidan yake kira Yaya har da iyayen, tana tsaye da jaka a kafaɗa. Shekararta goma sha biyar. Ta yi masa irin kallon da ake wa wanda ya ce zai ɗauki bene a ka, ta kama hannun ƙanwarta suka sauka. Baki dai shi ke yanka wuya.

Malama matarsa ce. Lissafi take koyarwa a wata makarantar firamare da ke kan hanyar bas ɗinsa, sunan da ɗalibai suke kiranta da shi ya biyo ta har gida, shi ma ya kama. Mahaifiyarta ce ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye, can garinsu, tafiyar awa bakwai a jirgin ƙasa. Malama ta nemi hutu, ta haɗa kaya a ƙaramin akwati, ta ce mako biyu za ta yi, in ya yi yawa uku. Ko rigunan sanyinta ba ta ɗauka ba. Mako uku ya zama biyar, biyar ya zama tara, har ya daina tambayarta rana don kada ta ji kamar yana ƙirga mata.

Layinsa lamba goma sha ɗaya ne. Daga gareji ya bi ta gaban asibiti, ya ratsa kasuwa, ya hau gada, ya sauka ta gefen makarantar, ya kai tashar jirgi, ya juyo. Sau takwas a yini. Ya san kowane rami a titin, ya san tsohuwar da take hawa da kwandon furanni a tasha ta huɗu, ya san ɗalibin da kullum sai an rufe ƙofa yake tahowa a guje. Ran Laraba malamai suna da taro bayan an tashi yara, saboda haka Malama ba ta fitowa sai huɗu da rabi, daidai zagayensa na ƙarshe. Takan shigo ta ƙofar gaba, ta nuna katinta kamar kowa, ta ce, "Sannu da aiki, direba," fuska a ɗaure kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Sai ta wuce kujera ta uku ta hannun dama, inda madubinsa yake kamawa, ta ɗora littattafan yara a cinya tana maki da jan biro. Akwai ranar da wani dattijo ya sunkuyo ya raɗa mata cewa ta yi hattara, direban nan ya cika kallonta. Ta ce ya bar ta da shi, ta san matarsa, yau ɗin nan za ta kai ƙara.

Daga nan su sauka tare a gareji, su taka zuwa gida, ta shiga kicin ko mayafi ba ta cire ba. Kafin ya gama wanke fuska da hannu ƙamshi ya cika falo. Minti ashirin, abinci yana kan tebur. Abin da ya sa taliyar ta zama ta Laraba ke nan, abincin wadda ta dawo a gajiye ce.

Yau da ya tsaya a gaban makarantar, malamai biyu ne suka hau. Suka gaishe shi, suka tambayi mai jiki, ya ce da sauƙi. Wani mutum mai ɗauke da fanka a kwali ya zauna a kujera ta uku. Babu sauran mai hawa, amma ya bar ƙofar a buɗe, sai da motar bayansa ta danna masa hon sannan ya ja.

A gareji ya gaya wa Dogo, abokin aikinsa na shekara goma sha biyu, alkawarin da ya ɗauka. Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce mutumin da ya taɓa ƙona ruwan shayi a ɗakin hutun direbobi ne yau zai yi girki? Shawararsa ita ce ya biya gidan abinci ya sayo, ya juye a tukunya, ya ɗan shafa gumi a goshi, yara ba za su gane ba. Ya ce ai Dogo bai san Yaya ba ne, wannan ko gishiri aka canja wa kamfani sai ta faɗa.

Kantin da suke sayayya yana ƙasan benen da ke fuskantar nasu. Ya shiga ya tsaya gaban kantar gwangwanaye, nan ne ya fara gane ruwa ya fi ƙarfin gari. Kifin tuna ɗin ma iri biyu ne, wani a cikin mai, wani a cikin ruwan gishiri. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan ya juya bayansa yana karantawa. Matar mai kantin ta leƙo ta saman tabarau, ta tambaye shi ko taliyar Malama zai yi. Ba ta jira amsa ba, ta zagayo ta karɓe na hannunsa ta ba shi na cikin mai guda biyu. Ta ɗauko ƙaramin kwalin kirim na girki, da ƙullin koren wake daga firji, da ɗan yankin cuku. Da ya kai hannu kan doguwar taliya ta ce a'a, gajeriyar nan mai kama da yankakken bututu Malama take ɗauka, don doguwar Auta tana watsa ta a riga.

Ya yi godiya, ya fito da leda a hannu. Yana tsallaka titi wani abu mai kama da kishi ya taso masa. Shekara goma sha bakwai yana cin abincin nan, ashe matar mai kanti ta fi shi sanin abin da ke cikinsa.

Gidansu a hawa na uku yake. Kicin ɗin siriri ne, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace. Taga ɗaya ce a saman wurin wanke-wanke, tana kallon bayan wani bene inda maƙwabta suke shanya. Malama gajeriya ce, don haka komai na kicin ɗin a daidai tsayinta yake. Gishiri da kayan ƙamshi suna kanta ta ƙasa, cokula a aljihun kabad da ya kai masa cinya, kantocin sama kuwa ba kowa sai tsofaffin kwalabe. Shi da yake dogo, duk abin da zai ɗauka sai ya sunkuya kamar mai gaisuwa.

Yaya tana kan teburin cin abinci da littattafanta, daidai inda take hango kicin. Ta yi masa sannu da zuwa, ta mayar da kai. Auta ta jawo ƙaramar kujera ta zauna a bakin ƙofar kicin, ta tallafe haɓa, ta ce ta zo kallo.

Ya naɗe hannun riga, ya ɗora ruwa a babbar tukunya, ya jera kayan a gabansa. Sai ya tsaya. Me ke fara shiga? Ya rufe ido don ya tuna. Daruruwan Laraba ya tsaya a bakin ƙofar nan, ya jingina da bango, yana ba ta labarin fasinjojin ranar tana girki. Ya tuna yadda take ture gilashinta sama da bayan hannu. Ya tuna tana ɗaga ƙafa ɗaya ta ɗora a kan ɗayar in ta gaji. Ya tuna yadda take cewa "uhm, sai me?" ba tare da ta juyo ba, da yadda kafaɗunta suke rawa in labarin ya ba ta dariya. Amma ko albasa ce take fara shiga ko tafarnuwa, ko kifi kafin kirim ne ko bayansa, babu ko ɗaya a kansa. Ashe duk shekarun nan ba tukunyar yake kallo ba.

Ya ɗauko waya, ya dube ta, ya mayar aljihu. Yanzu lokacin da take yi wa mahaifiyarta wanka ne da canjin shimfiɗa. Ba zai kira ta da hannu a jiƙe don ya tambaye ta albasa ba.

Ya yanka albasar yadda ta zo masa, idonsa yana ruwa, Auta tana tambaya ko kuka yake. Ya buɗe gwangwanayen, ya danne murfin da yatsa ya karkata su a kan wurin wanke-wanke.

"Abba, man za ka zubar?"

Yaya ce, ba ta ko ajiye biro ba. Ya tambaya ko ba a zubarwa ne. Ta ce da shi Umma take soya albasa, shi ya sa ɗanɗanon kifin yake ratsa ko'ina. Ta faɗa a gajarce, ta koma kan littafinta kamar wadda maganar ta suɓuce wa.

Wannan ne karo na farko cikin mako biyu da ta ambaci Umma da bakinta. Mako biyun da suka wuce an yi rabon kyaututtuka a makarantarsu, ita ce ta zo ta ɗaya a kimiyya. Malama ta yi mata alkawarin zuwa, har ta yanki tikiti, ana gobe za ta taso zazzaɓi ya rufe tsohuwar, tafiya ta fasu. Shi ma yana kan aiki a lokacin, bai samu direban da zai canje shi ba. Yarinyar ta hau dandamali ta karɓi kyautarta, ta dubi kujerun iyaye, ta sauko. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rashin kunya ba. Tana nan tana yi wa Auta kitso, tana guge musu kayan makaranta, tana tuna masa ranar sayen gas. Amma da zarar waya ta yi ƙara sai aikin gida ya taso mata, ko ta shige wanka. In uwar ta nemi a ba ta wayar, sai yarinyar ta ce a gaishe ta.

Ya tsiyaye man a kasko, ya zuba albasa. Ƙamshin da ya tashi ya sa ya ɗan yi jim, don shi ne ƙamshin da yake tarar da shi in ya fito daga banɗaki da tawul a wuya. Ya daka tafarnuwa ya zuba, ta fara ja da wuri, ya rage wuta a gurguje. Ruwa ya tafasa, ya juye taliya, ya tuna gishiri bayan ya rufe, ya buɗe ya watsa. Ya zuba kifi a kasko yana farfasa shi da cokalin katako, ya bi shi da kirim. Abin ya yi fari, ya yi kyau a ido, har ya fara jin kansa. Kafin taliyar ta nuna kuwa romon ya kafe, ya yi kauri kamar fenti, yana kama gindin kasko. Ya kashe wutar yana zufa.

Ya ɗauki tukunyar taliya da tsumma, ya nufi matsami zai juye. Ƙarar kujera ya ji, kafin ya juya Yaya tana gefensa da kofi a hannu.

"Tsaya, Abba. Ba a zubar da ruwan duka."

Ta ɗebi kofi ɗaya ta ajiye, sannan ta ce ya juye. Ta karkace ta wuce shi zuwa murhu, ta kunna wuta kaɗan, ta riƙa zuba ruwan taliyar a kasko a hankali tana juyawa. A gabansa romon da ya ƙanƙame ya saki jiki, ya yi santsi, ya yi sheƙi. Ta ce ya miƙo koren waken, ta watsa hannu biyu. Ta ce ya goga cuku, ya tsaya yana neman magogi a sama, ta nuna masa aljihu na biyu da ƙafa. Daga nan shi ya koma ɗan aike. Juye taliyar a kasko, ba kaskon a taliya ba. Masoro kaɗan. Kar ya danna, ɗagawa ake yi daga ƙasa. Da muryar uwarta take faɗar duk wannan, har da "yawwa" ɗin da ke biyo baya, ita kuma ba ta san tana yi ba.

Ta ɗanɗana a bakin cokali, ta ɗan yamutsa fuska. Ta ce saura lemun tsami. Ya dafe kai, matar mai kanti ba ta ba shi ba, shi kuma bai san ana sawa ba. Ya ce bari ya sauka ya sayo.

Yaya ta dubi firji. Can ta buɗe ɓangaren ƙanƙara, ta tura hannu can ciki bayan ledoji, ta jawo wani farantin ƙanƙara da aka naɗe da leda. Malama takan sayi lemun tsami da yawa lokacin da ya yi araha, ta matse, ta zuba a farantin ya daskare, duk girki ta jefa ɗaya. Guda uku suka rage, rawaya-rawaya, a kusurwa. Ya tambaye ta me ya sa aka tura shi can baya. Ta ce don kada ya ɗauka ƙanƙarar ruwa ce ya jefa a kofi. Ya dube ta, ta kau da kai.

Ta ɓalle guda ɗaya, ta riƙe shi a tafin hannu har ya fara narkewa, sannan ta jefa a kaskon. Sauran biyun ta naɗe ta mayar inda suke.

Ƙarfe bakwai saura suka zauna. Abincin minti ashirin ya ci musu kusan awa guda. Auta ta kai cokali na farko baki, su biyun suna kallonta kamar masu jiran hukuncin alƙali. Ta tauna, ta haɗiye, ta ce ya kusa. Yaya ta tsamo wani yankin albasa ta ɗaga, ta ce wannan kam tayar bas ce. Ya ce direba ne ya yanka, me suke so ya yi. Suka yi dariya su uku, irin wadda aka kwana biyu ba a yi ba a teburin. Shi dai da ya kai nasa baki, bai san ko ya kusa ko bai kusa ba. Ya ɗauki kofi ya sha ruwa.

Ana cikin haka waya ta yi ƙara, kiran bidiyo. Auta ta wawure ta.

Malama tana zaune a kan kujerar roba a bakin ƙofar ɗakin mahaifiyarta, sanye da wata tsohuwar rigar sanyi da ya gane ta surukarsa ce, ta yi mata yawa. Fuskarta ta faɗa. Auta ta kifa wayar a kan faranti har kirim ya kusa taɓa gilashin, tana cewa Umma ta gani, Umma ta gani. Uwar ta tambayi wa ya dafa. Auta ta ce Abba ne ya fara, Yaya ta gyara. Malama ta yi murmushi, ta ce ta ga albasar daga nan. Yaya kuwa tuni ta ɗauki farantinta ta shige kicin.

Da ya karɓi wayar, Malama ta sassauta murya. Yayanta namiji da ya kamata ya zo ya karɓe ta ba a ba shi hutu a wurin aiki ba. Likitan da ke yi wa tsohuwar gashin jiki ya ce ta fara motsa yatsu, yanzu ne ake bukatar mai tsayawa a kanta kullum. Ta yi magana da shugabar makarantarsu, an ƙara mata hutu har ƙarshen zango. Mako shida ke nan nan gaba. Tana faɗa tana kallon ƙasa. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ai lafiyar Inna ita ce gaba. Ta ɗago ta tambaye shi Yaya fa.

Ya dubi ƙofar kicin. Ya tashi da wayar, ya shiga. Yarinyar tana tsaye ta ba ƙofa baya, tana cin taliyarta a tsaye. Ya jingina wayar da kwalbar gishiri yadda uwar za ta gan ta, ya fito, ya jawo ƙofar bai rufe duka ba.

Ya koma kujerarsa. Auta ta buɗe baki za ta yi magana, ya nuna mata faranti. Can ya ji muryar Yaya, a cije, tana tambaya in taliya ta ragu yaya ake ɗumama ta gobe ba ta bushe ba. Uwar ta ce da ɗan madara, a wuta kaɗan, a rufe. Sai Malama ta ce wani abu da bai ji ba, Yaya ta amsa da wata murya da ta karye a tsakiya. Ya ƙara wa Auta abinci, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa don kada ya ji abin da ba nasa ba.

Sun fi rabin awa. Da Yaya ta fito idonta ya yi ja, ta miƙa masa wayar, ta ce Umma tana son magana da shi, ta ja Auta su je wanke hannu.

Ya shiga kicin ɗin ya jingina da bango a inda ya saba tsayawa. Ya tambaye ta ko ta ci abinci, ta ce ta sha shayi da biskit, za ta ci in Inna ta yi barci. Ya ce kicin ɗinta ya karya masa baya, komai a ƙasa. Ta yi dariya, dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta sa bayan hannu ta ture gilashinta. Ta ce a can kuma komai a sama yake, sai ta taka kujera. Gidan da ta girma ne, amma kullum sai ta buɗe aljihun da ba shi ba.

Maganganu da yawa ya tanada a cikin mako taran nan, a kan gada, a gaban fitilar hanya, a wurin jiran fasinja. Da ya buɗe baki guda ɗaya ce ta fito.

"Malama, gidan ba daɗi."

"Na sani," ta ce. "Nan ma haka. Amma uwa ɗaya gare ni."

"Ai ban ce ki dawo ba."

"Na san ba ka ce ba. Da ka ce ma da ya fi mini sauƙi, in samu wanda zan yi wa fushi."

Daga cikin ɗakin aka buga cokali a jikin kofi, alamar da tsohuwar take kiranta da ita ke nan. Malama ta miƙe, hoton ya karkace ya nuna silin, ta ce sai gobe, wayar ta mutu. Ya sa ta a aljihu. Sannan ya juye ragowar taliyar a roba, ya wanke kaskon.

Washegari tun kafin ya tayar da bas ya nemi Dogo. Dogo ya tambaya ko motar kashe gobara ta zo da wuri. Ya ce yana son ya riƙe masa aikin Asabar, zai rama masa duk ranar da ya so. Dogo ya dubi fuskarsa, ya bar wasan, ya ce ya je kawai, ya gaishe da mai jiki.

Asabar da sassafe suka hau jirgi su uku, da jaka ɗaya da rigunan sanyin Malama a ciki. Ba su gaya mata ba sai da suka wuce rabin hanya, don ya san za ta ce kada su wahalar da yara. Ita ta buɗe musu ƙofa. Ta fi yadda waya take nuna ta ramewa, ga furfura 'yan ƙwarori a gaban goshi da bai san da su ba. Auta ta maƙale mata a ƙugu. Yaya ta tsaya baya kaɗan, sai uwar ta miƙa hannu ta jawo ta, sannan aka ga ashe yarinyar ta fi ta tsayi. Shi kuwa ya tsaya da jaka a hannu, ya ce sannu da gida, ta ce sannu da hanya, suka tsaya a haka.

Ya shiga ya gaishe da surukarsa, ya durƙusa a gefen gado. Tsohuwar ta kama hannunsa da hannunta mai lafiya. Bakinta ya karkace, magana tana fita da ƙyar, sai da ya kai kunne kusa.

"Na riƙe maka ita," in ji ta.

"Taki ce kafin ta zama tawa, Inna."

Ta matse hannun nasa, ba ta saki ba har ta yi gyangyaɗi.

Kwana ɗaya suka yi. Ya gyara famfon banɗaki, ya sauko da tukwane daga kantar sama, ya kafa ƙarfen dafawa a bangon gefen gadon. Shi da Malama ba su samu zama su biyu ba sai na 'yan mintuna a kan matakala, tana ninke wanki yana kama mata gefen zanin gado. Lahadi da rana ta rako su bakin titi kawai, don ba ta iya barin tsohuwar ta kai su tasha. Motar haya ta ja, ya waiwaya, tana tsaye da hannu a naɗe a ƙirji, sanye da rigar sanyinta da suka kawo, har suka sha kwana.

A jirgi Auta ta yi barci a cinyarsa tun kafin a bar gari. Gonaki suna wucewa ta taga, da turakun lantarki, da ƙananan tashoshin da ba a tsayawa. Yaya tana kujerar da ke fuskantarsa, littafi a buɗe a hannunta amma ba ta juya shafi ba.

"Abba, wai a ina ka fara ganin Umma?"

Bai taɓa ba su labarin ba. Ya gyara wa Auta kai, ya ce a asibitin haƙori ne, a kan benci. Kuncinsa ya kumbura kamar ya ɓoye ƙwai a ciki, ya ɗaure kai da ƙyalle, ita kuma ta rako wata ƙawarta. Ta dube shi sau ɗaya ta kau da kai, ta sake dubansa, sai dariya ta ƙwace mata. Ta ba shi haƙuri, tana ba shi haƙurin tana ƙara dariya, shi kuma ba halin ya rama don bakin ba ya buɗuwa.

Yaya ta rufe littafin, ta ɗora shi a gefe, ta jawo ƙafafunta sama kan kujera.

"Sai ka ce mata me?"

Ya ce ai a ranar bai ce komai ba. Sai da ya yi mako uku yana komawa asibitin da haƙorin da ya riga ya warke, ko zai sake ganinta. Saura awa biyar su isa, don haka ya ɗauko labarin tun daga farko, bai tsallake komai ba.